Gangar Lantarki: Kafin Ka Ce Ta Lalace

Akwai wata magana da ke saurin fita daga bakinmu a duk lokacin da wata na'ura ta ƙi yin abin da muke so, ita ce "ta lalace". Da zarar an furta ta shari'a ta ƙare. Ko dai a tura na'urar ƙarƙashin gado, ko a kulle ta a sito, ko kuma a kai wa mai gyara ya yi ta sauya mata kaya har kuɗin gyara ya kusa kamo kuɗin saye. Ni kuwa abin da shekarun da na shafe ina koyar da ilimin lantarki a jami'a suka nuna mini shi ne, da yawa daga cikin abubuwan da muke yanke wa wannan hukunci lafiyarsu lau. Wani ba a haɗa shi daidai ba ne, wani ba a saita shi ba, wani kuma ba a tsaya an binciki inda ke yi masa ciwo ba. Misalin da na fi sani a wannan babi shi ne gangar lantarki.

Mai karatu na iya tambaya, me ya haɗa malamin jami'a da ganga? Tun ina ɗalibi na koyi buga jerin gangunan nan na Turawa a ƙungiyar wasan kwaikwayo. Da na zama magidanci a rukunin gidajen ma'aikata, inda bango ɗaya ne tsakanina da maƙwabci, sai haƙƙin maƙwabtaka ya sa na koma ga ta lantarki, wadda mutum zai buga cikin dare ba mai jin amonta sai shi. Tun daga nan na zama kamar likitan unguwa. Samari masu situdiyo su zo, malaman kiɗa na makarantu su aiko, abokan aikina Kiristoci masu kula da kayan kiɗan majami'unsu su ma su kira ni. Kusan duk da jimla ɗaya suke fara bayani, wato "ta lalace".

Abu na farko da ya kamata mai ita ya sani shi ne, faifan da ake bugawa ba shi da sautin kansa. A ƙarƙashin robarsa ko ragarsa akwai wani ɗan siririn ƙarfe mai kama da kwabo, ana ce masa fizo, wanda ke haifar da 'yar wutar lantarki idan ya ji girgiza. Wasu 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, su ne suka gano wannan ɗabi'a a jikin wasu duwatsu masu sheƙi, a Faransa cikin 1880, kuma ita ce dai ke sa laitar kunna gas ta yi tartsatsi idan an danna ta. Wannan 'yar wuta ce ke bin waya zuwa wani akwati da nake kira ƙwaƙwalwa, ta shaida masa cewa an bugi faifai kaza da ƙarfi kaza. Ƙwaƙwalwar ce ke zaɓo sautin da aka adana a cikinta, ta aika shi ga lasifika ko abin saurare na kunne.

Ba jiya aka fara ba. A 1976 aka fito da Syndrum a Amurka. A 1981 kamfanin Simmons na Ingila ya kawo samfurinsa mai faya-fayai masu kusurwa shida, waɗanda taurinsu ya sa makaɗa kukan ciwon wuyan hannu. A 1997 kamfanin Roland na Japan ya fito da V-Drums masu fatar raga, wadda ke amsa makaɗi kusan yadda fatar gaske ke yi. Duk da wannan ci gaba, hanyar ba ta sauya ba: daga faifai zuwa waya, daga waya zuwa ƙwaƙwalwa, daga ƙwaƙwalwa zuwa kunne. Zango huɗu ke nan. Duk wata matsala da za a kawo, a ɗaya daga cikinsu take kwance.

Rabin matsalolin kuwa tun ranar da aka kwance kwali ake shuka su. Idan zan kafa ganga, da ƙasa nake farawa. Nakan shimfiɗa kafet mai kauri, domin a kan tayil fedar ƙafa gudu take yi, kuma dukan ƙafa na bin daɓe ya isa ɗakin wani. Daga nan in tayar da ƙarafunan da ke riƙe da faya-fayan, in ɗaure kowace gaɓa har ta daina motsi, amma ban da matsewar mugunta, domin maɗauran roba ne, tsagewa suke yi. Nakan tabbatar babu faifan da ke taɓa ɗan'uwansa. Kujera kuma in ɗaga ta yadda cinya za ta ɗan gangara ƙasa, sannan in jawo faya-fayan zuwa inda hannu ke kaiwa ba tare da miƙa ba. Ganga ce ke bin jikin mutum. Wanda ya tilasta wa jikinsa bin ganga, bayansa ne zai biya.

Fatar raga ana ɗaure ta ne kamar yadda bakanike ke ɗaure notocin taya, wannan sannan na daura da shi, kaɗan-kaɗan, har ko'ina ya yi daidai. Idan ta yi sako-sako, makaɗi zai riƙa nutsewa yana dukan ɗan soson da ke tsakanin raga da fizo, kafin a ankara ya lotse. Haka nan sandar da feda ke bugawa da ita a babbar gangar ƙafa, sau da yawa fuska biyu gare ta, ta gashi da ta roba. Ta gashin tana cin raga kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe, saboda haka ta robar ake juyowa. Wayoyi kuma a bar musu ɗan sarari, kada a ja su tamau, kuma kowace a saka ta a ramin da aka rubuta sunanta.

Wuta ce ta ƙarshe, kuma ita ce wurin da lalacewa ta gaskiya ke shigowa. Wutar gidajenmu a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Yawancin gangunan da matasanmu ke iya saye na hannu ne da aka shigo da su daga waje. Na san wani saurayi da ya yi adashi wata da watanni ya sayi irin wannan. Ɗoki ya hana shi duba rubutun da ke bayan adafta, ya soka ta a bango, sai ƙauri. Allah Ya taimake shi adaftar kaɗai ta ƙone. Sauri ya haifi nawa, domin sai da ya yi makonni yana neman madadinta. Minti ɗaya ya isa a karanta rubutun nan. Idan an ga 100 zuwa 240, ba damuwa. Idan 120 kaɗai aka gani, sai an nemi taransifoma mai rage wuta.

Neman madadin adafta ma yana da nasa tarko. Shigar kan waya cikin rami ba ya nufin sun dace. Dole bolt ɗin da take fitarwa ya zama daidai da wanda aka rubuta a jikin ƙwaƙwalwa. Sannan akwai ɗan zane mai alamar tarawa da ta ɗebewa da ke nuna wace ce ke tsakiyar kan wayar, domin wasu kamfanoni tarawa suke sawa a tsakiya, wasu ɗebewa, kuma juya su na iya kashe akwatin nan take. Wajen kunnawa, a rage murya, a fara da ƙwaƙwalwa, lasifika ta zo daga baya. Wajen kashewa a fara da lasifika. Kada a taɓa faifai ko feda har sai allon ya gama farkawa, saboda wasu samfuran a wannan lokaci suke auna matsayin komai. Idan an ɗauke wuta, ko za a koma kan janareta, a zare fulogi. Dawowar wuta da ƙarfi ta kashe kayan mutane fiye da tsufa.

To, idan an kafa komai amma wani faifai ya yi gum fa? A nan ne nake roƙon mai karatu ya ɗauki darasi ɗaya, ko da zai manta da sauran. A bi hanya zango-zango, kuma a sauya abu ɗaya tak a lokaci guda. Nakan zare wayar faifan da ya yi shiru in saka masa ta maƙwabcinsa mai lafiya. Idan ya yi magana, shi lafiyarsa lau, laifin yana ga wayarsa ko raminta a jikin ƙwaƙwalwa. Sai in ɗauki wayar da nake zargi in gwada ta a kan faifai mai lafiya da rami mai lafiya. Idan nan ma shiru, an kama ɓarawo. Sai idan faifan ya ƙi magana da kowace waya ne nake ɗauko sukudireba, kuma ko a nan, abin da aka fi samu shi ne siririyar wayar fizo ta tsinke, aikin ɗigon dalma ɗaya. Idan kuwa duka gangar ce ta yi shiru, sai in dubi allo. Matuƙar yana nuna alamar bugu, zango uku na farko lafiya suke, a nemi matsalar a maɓallin murya ko a wayar lasifika.

An taɓa gayyata ta wata makaranta, wadda ba zan ambaci sunanta ba, in duba wata ganga da ta shekara biyu a sito. An rubuta ta cikin jerin kayan da suka mutu, har an shigar da buƙatar sayen sabuwa. Ɗalibai kuwa a kan allo ake zana musu kiɗa, suna buga benci da biro. Ƙorafi uku aka gabatar mini: faifai ɗaya ba ya magana, gefen wani ba ya amsawa, wani faranti kuma yana kuka shi kaɗai ba a taɓa shi ba. Na farkon, ɓera ne ya ci wayarsa. Na biyun, wani ne ya musanya wayarsa da ta jita. Faifan da ke da murya biyu, ta tsakiya da ta gefe, yana buƙatar waya mai baƙin zobe biyu a kanta, ta jita kuwa zobe ɗaya gare ta, don haka rabin saƙo kawai take kaiwa. Farantin da ke kuka kuwa, sandarsa ce ta jingina da ta maƙwabcinsa, duk bugun da aka yi wa wancan sai ya ji a jikinsa. Waya biyu aka saya. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ɗaliban da suka shigo suka fita a cikin shekarun nan biyu ba su taɓa riƙe makaɗi ba, alhali kayan na bayan ƙofa ɗaya da su. Rashin sani ya fi dare duhu.

Akwai kuma matsalolin da ba na waya ba ne, na saiti ne. Da Turanci sunayensu suke a kan allo, amma ga yadda nake fassara wa masu zuwa wurina. Na farko shi ne saitin ji, wanda ke daidaita ƙarfin hannun mai bugu da ƙarfin sauti. Idan ya yi yawa, ɗan taɓi da duka duk ɗaya za su fito. Idan ya yi kaɗan, sai mutum ya yi ta jibga kafin a ji shi. Na biyu nakan kira shi dokin ƙofa, wato mafi ƙarancin girgizar da ƙwaƙwalwa za ta yarda cewa bugu ce. Na uku shi ne hana maimaici, don faifan da aka buga sau ɗaya ya amsa sau biyu. Na huɗu shi ne hana shisshigi, don faifan da ke amsa kiran da ba nasa ba. Kowanne cikinsu magani ne da ke zama guba idan ya yi yawa. A ɗaga dokin ƙofa fiye da kima, sai tattausan bugun da ke ƙawata kiɗa ya ɓace. A tsananta hana maimaici, sai na'urar ta riƙa haɗiye bugun sauri. Shi ya sa nake duba noti da raga tukuna kafin in taɓa lamba, kuma nake rubuta tsohuwar lamba a takarda kafin in sauya ta. Tagwayen farantan nan da ake buɗewa da rufewa da ƙafa, su ma idan sun ƙi rufuwa, galibi awo suke so: a shiga saitinsu a nuna wa ƙwaƙwalwa inda buɗe yake da inda rufe yake. Mayar da komai yadda ya fito daga kamfani kuwa, shi ne matakin ƙarshe, domin yana share duk wahalar da mutum ya sha.

Masu situdiyo nasu kukan daban ne, saboda su da kwamfuta suke haɗa gangar. Harshen da kayan kiɗan lantarki ke magana da juna da shi ana kiran sa MIDI, kuma tun 1983 ake amfani da shi. Lambobi yake aikawa, ba sauti ba: lambar faifai, da ƙarfin bugu wanda ba ya wuce 127. A ƙa'idar da aka amince da ita a 1991, lamba 36 ta babbar gangar ƙafa ce, 38 ta ƙaramar gangar da ke tsakanin gwiwoyi, 42 ta tagwayen faranti a rufe, 46 kuma a buɗe. Idan mutum ya bugi ganga ya ji faranti, ba aljanu ba ne, lambar da gangar ke aikawa ce ta saɓa da wadda manhajar ke jira. Sai kuma jinkiri. Sauti na tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato kowace mita na cin kusan kashi 3 cikin dubu na daƙiƙa, kuma kusan da wannan ɗan jinkirin makaɗi ya saba. Idan kwamfuta na tara gutsattsarin sauti 512 kafin ta saki, a ma'aunin 44,100 a daƙiƙa, ta ƙara kusan kashi 12 ke nan, kuma hannu zai ji kamar yana tafiya cikin taɓo. A rage zuwa 128, sai ya sauko kusan 3. Abin saurare na Bluetooth ya fi wannan jinkiri nesa ba kusa ba, don haka mai waya shi ne na makaɗi.

Kada kuma a manta cewa ba don ƙasarmu aka ƙera kayan nan ba. Ƙurar hunturu na shiga ramukan waya da cikin feda, ta sa saƙo ya riƙa yankewa. Tsohon zane da za a lulluɓa ya fi kowane magani. Zafin bazara, wanda a Sakkwato ko Maiduguri kan haura digiri 40, yana busar da roba ya saki gam, saboda haka but ɗin mota ba ma'ajiya ba ne. Idan lasifika na wani gurnani marar yankewa, a jona ta da ƙwaƙwalwa a soket ɗaya a gani, amma kada a kuskura a karya ƙafa ta uku ta fulogi, domin ita ce ke tsakanin mutum da jan wuta. Kunne ma amana ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce awa 40 a mako yana sauraren abin da ya kai ma'aunin ƙara 80, kuma duk ƙarin 3 a kan haka yana raba lokacin biyu. Waya ana sayo wata, jin da ya tafi kuwa ba ya dawowa.

Abin da ke ba ni kunya a madadin zamaninmu shi ne, wannan tarbiyya ta sanin kayan aiki ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ban taɓa jin makaɗin kalangu ya ce kalangunsa ya lalace ya jingine shi ba. Ya san fatarsa, ya san kowace tsirkiya. Idan danshin damina ya kashe wa ganga murya, ya san ya shanya ta a rana ko ya kanga ta a wuta. A gidajen makaɗan da na sani, yaro kan daɗe yana ɗaukar kaya, yana kallon yadda ake jeme fata ana ɗaure ta, kafin a ba shi makaɗi. Kalangun da ya raka Mamman Shata, da kotson da ya raka Narambaɗa da Ɗanƙwairo, hannuwan da ke buga su sun san ciwonsu. Mu ne muka karɓi kayan zamani muka raba aikin biyu, mai amfani daban, masani daban, sannan muka wayi gari masanin babu shi a garin.

Ba na da'awar cewa faifan roba zai maye gurbin kalangu. Kalangu na magana ne saboda makaɗi na matse tsirkiya a hammata yana hawa da sauka da murya, kamar yadda karin sautin Hausa ke yi, kuma ƙwaƙwalwar da ta fito daga kamfani cike take da amon gangunan wasu. Sai dai tana da wata daraja da ya kamata mu lura da ita. Fiyanon da ya mamaye waƙoƙin finafinanmu, wanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu a kan tasirinsa, danna maɓalli ɗaya ya isa ya riƙa zuba kiɗa ba makaɗi. Gangar lantarki kuwa ba ta motsi sai da hannun mutum. Sabbin samfura da dama suna karɓar sautin da mai su ya naɗa da kansa. Ke nan ana iya naɗar amon kotso da taushi da gangar noma daga hannun masu su, da izininsu kuma da ladansu, ɗan gidan makaɗa ya zauna a situdiyo ya ci abinci da gadonsa. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Amma wanda bai iya gano tsinkakkiyar waya ba, ina zai kai ga wannan?

Saboda haka kirana ga makarantun da ke sayen irin waɗannan kaya shi ne, kada a sa hannu a takardar mutuwar wata na'ura sai wanda ya san aikinta ya duba ta, kuma duk ranar da za a saya a haɗo da wayoyin ko-ta-kwana da littafin bayaninta. Sassan koyar da kiɗa da na injiniya, waɗanda sau da yawa 'yan taku ne tsakaninsu a harabar jami'a ɗaya, su riƙa leƙa juna. Ɗalibin lantarki na neman abin da zai gwada iliminsa a kai, na kiɗa kuma na neman wanda zai tayar masa da kayansa. Kai kuma saurayin da ka tara kuɗinka da gumi, ka ba littafin nan dare ɗaya kafin ka ba gangar wuta, ka ajiye ɗan kundin da za ka riƙa rubuta abin da ka sauya da abin da ya biyo baya. A wannan zamani da kuɗin waje ya yi tsada, kowace na'ura da muka binne da ranta asara ce sau biyu, ta kuɗin da aka kashe da ta ilimin da za a samu wajen tayar da ita. Allah Ya sa mu dace.